Yadda Za Ka Feɗe Waƙoƙin Adabin Turanci na WAEC a Cikin Dogon Hutu

Tun da aka yi hutun ƙarshen shekara tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, daga bakin ɗaliban SS2 da iyayensu a nan cikin garin Bauchi. "Malam, yarinyar nan za ta shiga SS3, lauya take son zama, an ce sai da kiredit a Adabin Turanci, ga shi ɓangaren waƙa ya gagare ta. Wane littafi za mu saya mata?" Littafi kam za a saya, amma ba shi ne maganin ba. Waƙa 12 ce, dogon hutu kuma yakan ba da mako shida ko fiye, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Wanda ya ba kowace waƙa kwana uku, awa ɗaya a rana, da biro a hannunsa, zai koma makaranta ya riga malaminsa gama manhaja.

Ka san girman abin da ke gabanka tukuna. WAEC takarda uku take bayarwa a wannan darasi. Ta uku ita ce ta wasan kwaikwayo da waƙa, awa 2 da minti 30, ana amsa tambaya huɗu, biyu daga ciki na waƙa ne: ɗaya a waƙoƙin Afirka, ɗaya a na waje. A kowane sashe tambaya biyu kacal za a ajiye maka ka zaɓi ɗaya, alhali waƙoƙin sashen shida ne. Wanda ya karanta uku ya bar uku, caca ya yi da sakamakonsa. A takarda ta ɗaya kuma, mai tambayoyin zaɓi 50, akwai 5 a kan waƙar da ba ka taɓa gani ba.

Mataki na 1: Tabbatar da waƙoƙin shekararka

Duk shekara biyar ake sauya jerin littattafai. Wanda ake kai yanzu na 2026 zuwa 2030 ne.

Na Afirka: "Once Upon a Time" ta Gabriel Okara, "New Tongue" ta Elizabeth L. A. Kamara, "Night" ta Wole Soyinka, "Not My Business" ta Niyi Osundare, "Hearty Garlands" ta S. O. H. Afriyie-Vidza, da "The Breast of the Sea" ta Syl Cheney-Coker.

Na waje: "She Walks in Beauty" ta Lord Byron, "The Nun's Priest's Tale" ta Geoffrey Chaucer a gajarce, "Digging" ta Seamus Heaney, "Still I Rise" ta Maya Angelou, "The Telephone Call" ta Fleur Adcock, da "The Stone" ta Wilfrid Wilson Gibson.

Idan har da NECO za ka rubuta, karɓi nata jerin a hannun malaminka ka gwada da wannan.

Gargaɗi: littattafan 2021 zuwa 2025 suna nan a shaguna da kuma akwatunan yayye. Abin da ke ruɗa mai saye shi ne sunan Osundare da na Angelou suna cikin tsohon jeri, suna kuma cikin sabo, amma da waƙoƙi daban. Kada ka tsaya a sunan marubuci, buɗe ka duba sunan waƙa. In ka ga "The Leader and the Led" ko "Caged Bird", tsoho ne. Wanda yake da shi a gida kada ya yar, yana da aiki a mataki na 10.

Mataki na 2: Kayan aiki da abin da za su ci

Kana buƙatar littafin rubutu guda ɗaya mai ganye 80 ko fiye, wanda ba za a rubuta komai a ciki ba sai waƙa. Sai fensir, biro shuɗi, biro ja, ƙamus na Turanci, littafin tsofaffin tambayoyin WAEC, da waƙoƙin kansu cikakku.

Mafi tsada a ciki su ne ƙamus da littafin waƙoƙin. Ƙamus ana iya arowa, ko a sauke manhajarsa a waya irin wadda ke aiki ba tare da data ba. Littafin waƙoƙin kuma ku haɗa kuɗi mutum huɗu ko biyar ku sayi ɗaya a shagunan littattafai na Wunti ko Babbar Kasuwa, ku riƙa karɓa-karɓa, tunda dai kowa da hannunsa zai kwafe waƙoƙin. Dogayen guda biyu, ta Chaucer da ta Gibson, su ne kawai za ku kai fotokwafi. Ku tambayi kuɗin shafi ɗaya kafin a kunna inji, domin farashin lokacin da ake da wuta daban yake da na lokacin janareta. Wuraren da ɗalibai suka yi yawa, irin Yelwa da Gwallameji, sun fi samun sauƙi.

Kuɗin darasin hutu ba dole ba ne a wannan aiki. In iyaye suna da halin biya, gara su nemi malamin da zai riƙa duba rubutun yaro sau ɗaya a mako, da su kai shi ajin da mutum 60 ke kwafar bayani daga allo.

Gargaɗi: kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin. Wasu taƙaitaccen bayani ne zalla, babu waƙar kanta. Irin wannan ba ya maye gurbin waƙa.

Mataki na 3: Raba makonni

Kowane mako waƙa biyu, ɗaya ta Afirka, ɗaya ta waje. Kwana uku wannan, kwana uku waccan, rana ta bakwai zaman abokai. Ranar farko mataki na 4 da na 5, ta biyu na 6 da na 7, ta uku na 8 da na 9.

Fara da masu sauƙin shiga: Osundare da Heaney a makon farko, Okara da Angelou a na biyu. Kada ka haɗa Soyinka da Chaucer a mako ɗaya. "Night" gajera ce amma a dunƙule take, sai an yi ta juya ta, ta Chaucer kuwa tsawo gare ta. Haɗa kowace da mai sauƙi, a mako na huɗu da na biyar, lokacin da hannunka ya faɗa.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan asuba, kafin a fara aike, ko tafiya gona ga waɗanda damina ke kaiwa ƙauye. Hasken Allah ne, ba ruwanka da ɗauke wuta. Wanda ya ce sai dare, a watan Agusta, ga ruwan sama ga sauro ga gajiya, yawanci a shafi na biyu barci ke kwashe shi.

Mataki na 4: Kwafa da hannu, karanta da murya

Buɗe shafi biyu masu kallon juna. A na hagu ka kwafe waƙar, kana tsallake layi ɗaya tsakanin ɗango (wato layin waƙa) da ɗango, ka sa lamba a kowane ɗango na biyar. Shafin dama na bayananka ne. Na san akwai mai cewa ɓata lokaci ne, ga waya ga hoto. To, mai ɗaukar hoto ba ya ganin waƙafi da aya, mai kwafa da hannu kuwa dole ya gan su, kuma a kansu ma'ana take juyawa.

Sai karatu sau uku. Na farko daga sama har ƙasa ba tsayawa, ko ka gane ko ba ka gane ba. Na biyu da fensir da ƙamus, kana rubuta ma'anar kowace baƙuwar kalma a layin da ka tsallake. Na uku da murya a fili, ka tsaya inda aka sa alamar tsayawa kawai, ba a ƙarshen kowane ɗango ba. Angelou da Heaney duk akwai muryoyinsu a YouTube suna karanta waɗannan waƙoƙin da bakinsu. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa saura.

Gargaɗi: kada ka ɗauki ma'anar farko da ƙamus ya ba ka ka wuce. Kalmar drills a waƙar Heaney kunyoyin dankalin turawa ne, ba injin huda bango ba, ba kuma atisayen soja ba. Karanta ma'anonin duka, ka ɗauki wadda ta zauna daidai a ɗangon.

Kuma har yanzu kada ka buɗe bayanin da mai littafi ya yi. Sai ka gama mataki na 8 za ka duba shi, don ka gwada da naka.

Mataki na 5: Wa ke magana, da wa yake?

A saman shafin dama rubuta tambaya huɗu ka amsa: wa ke magana, da wa yake magana, me ke faruwa, me ya sauya tsakanin baitin farko da na ƙarshe? Sannan rufe littafin, ka samu ƙaninka ko Inna ka ba su labarin waƙar da Hausa, cikin jimla biyar. In ka kasa, ba ka gane ba tukuna, koma mataki na 4. Babu amfanin neman adon harshe a waƙar da ba ka san me ta ce ba.

Ga yadda zai kasance da "Not My Business". An zo da safe an kama Akanni, an yi masa duka, an jefa shi a mota. An zo da dare an fitar da Danladi, ba a sake ganinsa ba har tsawon lokaci. Chinwe ta je aiki ta tarar an kore ta ba takardar tuhuma, ba gargaɗi. Duk sau ukun mai magana cewa yake ina ruwansa, muddin ba a cire masa doya daga baki ba. Wata yamma ya zauna zai ci doyarsa, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, motar tana jira a waje. Jimla biyar ke nan, kuma tun daga nan ido zai fara gani: sunan Bayarabe, na Bahaushe, na 'yar ƙabilar Ibo, wato ba wanda aka bari a ƙasar. Safe, dare, rana, yamma, ba lokacin da aka tsira.

Ta Chaucer ma, duk da tsufanta, domin mai ita ya rasu tun 1400, tatsuniya ce. Zakara ya yi mummunan mafarki, matarsa ta yi masa dariya, yanyawa ta zo ta zuga shi ya rufe ido ya yi cara, ta cafke shi. Shi kuma ya zuga ta ta buɗe baki ta yi wa masu bin ta gatse, ya kuɓuce ya haye bishiya. Rawar da dila ke takawa a tatsuniyoyinmu ita yanyawa ta taka a nan.

Gargaɗi, kuma wannan yana cin maki sosai: mai magana a cikin waƙa ba lallai shi ne marubucin ba. Osundare ba shi ne matsoracin mai doya ba, ƙirƙirar sa ya yi don ya tona asirin masu irin halinsa. A "The Stone" mai sassaƙa dutse ne ke ba da labari, ba matar da masoyinta ya mutu a wurin fasa dutse ba. A waƙar Okara uba ne ke yi wa ɗansa magana. A ta Adcock murya biyu ce a waya, sai ka bi da fensir ka sa alama a inda kowace ta karɓa.

Mataki na 6: Zubi da tsari

Ƙirga baitoci, ƙirga ɗangogin kowane baiti, ka rubuta. Duba kalmomin ƙarshen ɗango ka sa musu haruffa: masu amo ɗaya harafi ɗaya. Waƙar Byron baiti uku ce, kowanne ƙwar shida, ɗango 18, amsa-amonta ABABAB. In babu amsa-amo, kamar yadda yake a yawancin na Afirka, rubuta cewa babu, wannan ma bayani ne. Nemi amshi, ka nemi inda aka daina yin sa. Osundare ya maimaita zancen doya sau uku, a baitin ƙarshe ya ɗauke shi. Bakin da ya saba cewa ina ruwana ya mutu.

Kari, wato ma'aunin takun waƙa, shi ne inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe, kuma da dalili. A rubutacciyar waƙar Hausa, irin ta Malam Sa'adu Zungur ɗan garin nan, tsawon gaɓa ake aunawa, doguwa da gajera, bisa ma'aunin da aka aro daga Larabci. Turanci nauyin furuci yake aunawa, wato gaɓar da murya ke dannawa da wadda take wucewa ta kanta da sauƙi. Sai an sake horar da kunne.

Ɗora tafin hannunka a kan benci. Karanta ɗangon farko na Byron, kana bugu duk inda murya ta danna: she WALKS in BEAU-ty, LIKE the NIGHT. Gaɓa takwas, bugu huɗu, mara nauyi sannan mai nauyi. Ci gaba a haka, ɗango na biyu, na uku, tafiya ɗaya ce kamar ta mai taku a natse. Da ka iso na huɗu hannunka zai rikice, domin da kalmar Meet ya fara, nauyi ya faɗo a gaɓar farko. Ba kuskure ba ne. A daidai nan ne duhu da haske suka haɗu a fuskar matar da idanunta, sai marubucin ya karya takun don kunne ya tsaya a kan haɗuwar. Ɗalibin da ya rubuta wannan a jarrabawa, da jimla biyu kacal, ya bar sa'o'insa a baya.

In ka yi shakkar inda nauyi yake a doguwar kalma, ƙamus yana sa ɗan ƙaramin layi a sama kafin gaɓar da ake dannawa.

Gargaɗi: kada ka tilasta wa kowace waƙa kari. Da yawa daga cikin 12 ɗin nan sakakku ne. In ka buga benci ɗango shida ba ka ji tsayayyen taku ba, bar shi, ka koma kan tsawon ɗangogi, da gangara, wato inda zance ya zubo daga ɗango zuwa na ƙasansa ba tare da tsayawa ba.

Mataki na 7: Salo

Wanda ke ɗaukar darasin Hausa ya riga ya yi rabin wannan aikin, ko bai sani ba. Kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, dabbantarwa, alamtarwa, kambamawa, habaici, duk ana koyar da su a feɗe waƙa irin ta tsarin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. A shafin ƙarshe na littafinka ja layi a tsakiya, hagu sunan dabara da Hausa, dama sunanta da Turanci daga littafin aji, ƙasa misali ɗaya daga waƙoƙin nan. Tambayoyi 20 na sanin adabi gaba ɗaya a takarda ta ɗaya, da yawansu a kan waɗannan sunaye suke.

Sai ka ɗauki jan biro ka bi waƙar, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda harshe ya bar hanyarsa ta yau da kullum. Kowanne ka rubuta masa abu uku a shafin dama: sunan dabarar, ɗangon da take, da aikin da ta yi. Na ukun shi ne mai maki.

Duba "Digging", wadda ke cikin littafin waƙoƙin Heaney na 1966. Mai magana yana zaune da alƙalami tsakanin yatsa da babban yatsa, ya kamanta zamansa a hannu da na bindiga. Ta taga yana jin mahaifinsa na haƙa da shebur. Tunani ya kai shi shekara 20 baya, gonar dankali, sannan ga kakansa da ke yankan ƙasar fadama wadda mutanen Ayilan ke busarwa su yi makamashi da ita. Har ya tuna ranar da ya kai wa kakan madara a kwalba da toshiyar takarda, tsohon ya miƙe ya sha, ya koma bakin aiki nan take. Duk yaron da ya taɓa kai fura gona ya san wannan tsayuwar. A ƙarshe aka maimaita zancen alƙalami tsakanin yatsu, amma bindiga ta ɓace, ya ce da shi zai yi haƙa. Mai rubuta "akwai kamantawa a ɗango na biyu" ya tsaya, kaɗan zai samu. Mai cewa alƙalamin ya fara a matsayin makami ya ƙare a matsayin shebur, don mai magana ya sami hanyar bin gadon gidansu ba tare da ya riƙe kayan aikinsu ba, shi ya yi nazari.

Haka a "Still I Rise". A baitin farko ta ce za ta tashi kamar ƙura, can gaba kamar iska, kusa da ƙarshe kuwa ta daina cewa kamar, ta ce ita ce baƙar teku. Daga kamantawa an koma siffantawa, daga abin da ake takawa an koma abin da ba ya taruwa. Ka riƙa bin hoto daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, ka ga ko ya girma, ko ya sauya, ko ya ɓace.

Gargaɗi: dabara uku da ka bayyana aikinsu sun fi goma da ka jera sunayensu.

Mataki na 8: Jigo da hujja

Mawaƙin Hausa sau da yawa yakan buɗe da addu'a, sannan ya furta jigonsa ƙarara a baitocin farko. Waɗannan waƙoƙin ba kasafai suke yin haka ba, kai za ka haƙo. Kuma jigo ba kalma ɗaya ba ce. "Zalunci" kan magana ne kawai. Jigo shi ne abin da waƙar ta ce game da zaluncin: wanda ya yi shiru ana zaluntar maƙwabcinsa don abincinsa bai taɓu ba, layi ne bai iso kansa ba. Rubuta babban jigo ɗaya da ƙanana biyu, kowanne cikakkiyar jimla, da Hausa tukuna sannan da Turanci.

Ka yi hattara da jigon da ya zo da sauri. Kowa cewa yake waƙar Byron ta soyayya ce. Bi ɗango 18 ɗin nan ka nuna mini inda mai magana ya ce yana son matar. Yaba kyau yake, yana ɗaure kyan fuska da kyan zuciya. Haka waƙar Adcock: yaran Bauchi suna jin an kira mace an ce ta ci caca, sai su ce 'yan damfara ne. Amma masu kiran ba su karɓi sisinta ba, ce mata suka yi ba kuɗi suke bayarwa ba, abin da ta ji a ranta lokacin kiran shi ne kyautar. Tambayar da waƙar ke yi daban ce da ta damfara.

Tarihin marubuci layi uku ya isa, kuma wanda ya shafi waƙar kawai: mulkin soja ga Osundare, bauta da wariyar launin fata a Amurka ga Angelou. Cika shafi da ranar haihuwa da makarantun da mutum ya yi ba ya kawo maki.

Daga nan zaɓi gajerun yankuna biyar daga waƙar, kowanne bai wuce ɗango ɗaya ba, waɗanda za su tsaya wa jigoginka shaida. Rubuta su a katin kwali, ka haddace. Mu nan hadda ba baƙuwarmu ba ce, sai dai a riƙa bita duk mako, in ba haka ba na makon farko za su zube kafin na shida. In a jarrabawa ka yi shakkar lafazi, faɗi ma'anar da kalmominka, kada ka sa alamar ɗauko magana a kan abin da marubuci bai faɗa ba.

Yanzu ne za ka buɗe bayanin mai littafi. Abin da ya gani ba ka gani ba, ƙara da fensir. Inda kuka saɓa, koma wa waƙar ta raba ku.

Mataki na 9: Rubuta amsa da agogo

Raba minti 150 gida huɗu, kowace tambaya ta sami 37 da rabi. Minti 5 na tsara maki a gefen takarda, kusan 30 na rubutu, sauran na bita. Mako biyun farko rubuta da littafi a buɗe ba agogo. Na uku da na huɗu littafi a buɗe, agogo a gaba. Biyun ƙarshe rufe littafi.

Ɗauki salon tambaya daga tsofaffin takardu ka ɗora a kan sabuwar waƙa: tattauna jigo kaza, yi sharhi a kan amfani da dabara kaza, bayyana halin mai magana. Ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da buƙatar tambayar. Gabatarwa jimla uku, sai sakin layi huɗu ko biyar, kowanne da magana ɗaya, hujjarta, da bayanin yadda hujjar ta tabbatar da ita. Ga misali da Hausa, kai da Turanci za ka yi:

"Osundare ya nuna hukuma a siffar dabba mai cin mutane. A baitin farko ba sa Akanni aka yi a mota ba, cusa shi aka yi a cikin tumbinta. Ba wa mota tumbi ya mai da ita abin da ke haɗiye ɗan ƙasa, kuma wannan ya haɗu da hoton mai magana da ke cin doya: shi yana ci, ana cin maƙwabtansa, har ranar da ya zama abincin."

Gargaɗi: rahotannin manyan masu makin WAEC, waɗanda hukumar ke sawa a shafinta na intanet, sun sha kokawa da ɗaliban da ke zuba labarin waƙa daga farko zuwa ƙarshe su bar abin da aka tambaye su, da kuma masu dogaro da taƙaitaccen bayani. Labarin da ka ba Inna a mataki na 5 tsani ne, ba shi ne amsa ba. Ka kuma koyi rubuta sunayen marubutan daidai, harafi da harafi.

Mataki na 10: Baƙuwar waƙa

Ga aikin tsohon littafin. Sau ɗaya a mako wani ya zaɓo maka waƙa daga jerin 2021 zuwa 2025, ko daga tsofaffin takardun tambaya, ya ba ka minti 6. Karanta sau biyu, faɗi mai magana, yanayin muryarsa, tsarin amsa-amo, da fitacciyar dabara ɗaya. Abin da tambayoyin nan 5 suka saba nema ke nan. Karanta waƙar kafin ka leƙa zaɓin amsoshi, domin an tsara na ƙarya su yi kama da gaskiya.

Mataki na 11: Zaman abokai

Mutum huɗu ko biyar, kada a wuce, in ba haka ba hira za ta ci zaman. Ranar Alhamis ta fi dacewa da masu islamiyya tunda ba a zuwa, masu zuwa coci kuma su kauce wa Lahadi. Zauren gida ya isa, ko ɗakin karatu na jiha ga na kusa. 'Yan mata su yi nasu a gidan ɗayarsu, da sanin iyaye.

Tsarin zaman: ɗaya ya karanta waƙar mako da murya, a yi bitar katunan hadda, sannan a yi musayar rubutu. Mai dubawa da jan biro tambaya ɗaya zai riƙa yi a gefen kowane sakin layi: ina hujja? Duk wanda ya kawo fassara, a ce ya nuna ɗango.

Gargaɗi game da waya: manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa sukan ƙago ɗangon da babu shi a waƙa, musamman a waɗanda ba su shahara ba, irin "Hearty Garlands" da "New Tongue". Duk abin da waya ta ce yana cikin waƙa, duba shafinka na hagu. In babu shi a can, babu shi.

Mataki na 12: Makon komawa

Duba littafinka. Kowace waƙa ta kasance da kwafinta, labarinta cikin jimla biyar, tsarinta, dabaru uku da aikinsu, jigogi uku, da amsa ɗaya cikakkiya. Wadda ta yi giɓi, cike ta a wannan makon kafin aikin aji ya taso. Zaɓi amsoshi biyu, wadda ka fi yarda da ita da wadda ta fi ba ka wuya, ka kai wa malaminka a makon farko, ka roƙe shi ya yi maka maki irin na WAEC. Katunan hadda su zauna a aljihun jaka, ana bitarsu duk Alhamis har zuwa jarrabawar gwaji. Daga nan awar asuba ta koma kan "Antony and Cleopatra" na Shakespeare, wanda ke da tambaya 20 a takarda ta ɗaya. Yawancinsa a waƙe yake, ɗango mai bugu biyar, don haka da bugun benci za ka fara.